Ranar da na ja birkin hannu

Karatuna bai wuce in gane lambar mota ba, ita ma in an rubuta ta da manyan baƙaƙe. Amma in ana zancen hanyar Gwada, kwaltar da ke kanta ma ta san na girme ta. Na yi shekaru ina kwasar mata masu sarin doya daga unguwarmu Kpakungu, in kai su kasuwar Gwada da sassafe, in dawo da su da kayansu, a cikin wata tsohuwar mota mai dogon baya wadda ni kaina na manta launinta na asali. Matata ta ce ruwan toka ce. Ni kuwa ina tuna kamar fara na saya.

A ƙarƙashin kujerata akwai wani dutse mai santsi, ya kai girman ƙwarya ƙarama, na tsinto shi a wani rafi can wajen Kuta. In na tsaya, sai in bar motar a giya ɗaya, in fito, in tura dutsen bayan taya da ƙafa. Haka maigidan da ya koya mini tuƙi yake yi, haka duk direbobin zamaninmu suke yi. Ya taɓa ce mini birkin hannu ado ne da Turawa suka sa don matansu, direban kirki weji yake sawa, ya tokare taya da dutse. Saboda haka tun da na sayi motar nan, sandar birkin hannu tana kwance tsakanin kujeru, ban taɓa tambayarta lafiya ba. Wani lokaci nakan rataya mata carbi.

Kujerar gaba kuwa ta Mama ce. Ita ce shugabar matan, Bagwariya, ko da yake in ka faɗi haka a gabanta sai ta gyara maka, ta ce Gbagyi. Ta ɗan girme ni, amma Baba take ce mini, ni kuma in ce mata Mama, muka bar shi a haka. Inda ta sa ƙafa nan sauran matan suke sa tasu. Tana zaune a gefena za ta ba ni labarin Kpakungu gida-gida kafin mu wuce Maitumbi, in labari ya ƙare ta kama waƙar cocinsu a hankali, ni kuma ina jan salati, motar tana yi mana amshi da ƙarar ƙarafanta. In mun isa Gwada, kafin ta shiga ciniki, sai ta sayi gasasshiyar doya da manja da yaji, ta karya ta uku. Tsakiyar, mai laushi da gari, tawa ce. Gindin nata. Kan doyar, mai ɗaci, ta miƙa wa duk wanda tsautsayi ya kawo kusa.

Ban san tsakiyar doya sarauta ba ce sai da wani Banufe ya tare a gidan da ke kallon nawa.

Mutumin Bida ne, ya yi kanikanci a kudu har bayansa ya gaji da kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, ya tattara ya sayi mota 'yar kwatano, irin ta hannun nan da ake shigowa da ita, ya ce shi ma zai gwada hanyar Gwada. Ni asalinmu Katsinawa ne, to ka san tsakaninmu da Nufawa sai wasa. Ran da ya tare na tsallaka na ce masa, "Sannu da zuwa, bawana. Ka yi dabara da ka zauna kusa da ubangidanka."

Ya ce, "Bakatsine, ai na zo ne in ga wanda ya ajiye akurkin kaji a bakin titi. Ashe mota ce."

Muka yi dariya. Tawa dai ba ta wuce haƙora ba, domin idona yana kan motarsa. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, ƙofofinta suna rufuwa da taɓi ɗaya, ba sai an ɗaga an haɗa da gwiwa ba. Gilasanta duk suna hawa suna sauka. Tana da sanyi a ciki. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wani ɗan ƙara. In ya tsaya, sai ka ji ƙirrit, ya ja birkin hannu, ya fito yana kaɗa makulli, bai waiwaya ba, bai nemi dutse ba.

Wata ranar kasuwa muka isa Gwada kusan tare. Ina durƙushe ina tura dutsena, sai ga shi ya tsaya a gefenmu. Ƙirrit. Matan nan duk suka juya. Mama ta dubi motar, ta ce da irin Hausarta, "Kai, wannan mota yana da ladabi. An ce masa tsaya, ya tsaya."

Ranar tsakiyar doyar ma ban ji daɗinta ba.

Kasuwar da ta zagayo na shirya. Na bari sai da muka shiga tsakiyar mutane, inda Banufe ya riga ya tsaya, na taka birki, na cire carbina daga jikin sandar, na kama ta da hannu biyu na fizgo. Ta taso da wani irin kuka, kamar an taka wutsiyar tsohuwar akuya. Na fito ina kaɗa makullina, wanda ke ɗaure da igiyar buhu. Na dubi matan. Babu wadda ta juya. Mama tana ta laluben wani abu a cikin jakarta.

Da za mu dawo, sandar ta ce ba ta san zancen komawa ba. Na danna maɓallin, na girgiza ta, na yi mata magiya a zuci. Daga baya na ɗora mata gwiwar hannu na sauke mata duk nauyina, ta faɗi ƙasa tim. Na ce alhamdu lillahi, na mai da carbina, na rufe wannan babi. Ko da wasa ban sake tuna shi ba.

Sai mota ta fara nauyi. Da farko na ɗauka lodi ne, don lokacin sabuwar doya ne, matan suna cika ta har rufi. Amma ko da safe, ba kaya, sai na taka totur har ƙasa take yin abin da da take yi da ɗan yatsa. Akwai wata gangara a hanyar dawowa wadda na daɗe ina cin arzikinta: in na kai bakinta sai in sa firi, in kashe inji, motar ta yi ta zuba da kanta har gindin wata bishiyar kaɗanya, mai yana zaune a tanki. Yanzu sai ta kai rabi ta fara tunani, ta rage, ta rage, ta tsaya cak a kan gangara kamar jakin da ya ga kura. Mai kuwa ta riƙa shansa kamar an yi mata gori. Ga wani ƙauri da ke shigowa ta baya.

Mama ta toshe hanci da bakin zanenta ta ce, "Baba, wa yake babbaka kan akuya a motarka?"

Na ce ƙauyen da muka wuce ne.

Na zaga kanikawa. Duk wanda na je wa, da bakina nake ce masa inji ne ba ya ja, shi kuma ya buɗe gaba ya shiga nema. Wannan ya ce fulogi, aka canza. Wancan ya ce kafireto, aka wanke. Wani ya ce kuloci ne ya cinye, aka sauke giya aka kwana biyu ana fama. Ba wanda ya zaga bayan motar, ni ma ban zaga ba. Ciwo yana ƙafa, muna ta shafa magani a ka.

Shekarun nan kuwa hanyar ba kamar da ba ce saboda 'yan fashi, kowa so yake la'asar ta same shi a cikin gari. Banufe yakan wuce mu a hanya, ya ɗan danna ham, ya ɗaga mini hannu ta cikin gilashi. Kafin mu iso Kpakungu ya yi wanka, ya sa farar riga, yana zaune a benci yana shan rake. Matan suka fara zamewa da ɗaya da ɗaya. Ban damu ƙwarai ba, tunda Mama tana nan. Sai wata rana rana ta faɗi muna hanya, motar tana rarrafe. Ko waƙar coci babu.

Kasuwa ta gaba, da safe na goge wa Mama kujera kamar kullum. Ta iso da jakarta, ta tsaya tsakanin motocin biyu, ta ce, "Baba, kada ka ji haushi. Jikokina sun yi kuka ran nan. In motarka ya warke, ka gaya mini."

Ta tsallaka titi. Banufe ya buɗe mata ƙofar gaba da kansa. Ina kallo gilashin ya hau, ya rufe fuskarta, bakinta yana motsi. Ta riga ta fara ba shi labarin Kpakungu, labarin da ni na san farkonsa.

Ba zan ce na yi masa addu'ar sharri ba. Amma in na ga ƙusa a gefensa na titi, ban cika wahalar da bayana wajen ɗauke ta ba. Na kuma lura tantabarun unguwa sun rame, sai tausayi ya kama ni, na riƙa watsa musu tsaba kullum da safe, daidai ƙarƙashin wayar lantarkin da ya saba ajiye motarsa. Matata ta gan ni ta ce, "Malam, yaushe ka fara sadaka?"

Na ce ai ba a tsufa da neman lada.

Ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce dai. Ga shi har takin kake kai masa."

A Gwada kuwa nakan tsaya nesa, in yi kamar ina duba ruwan lagireto, ina leƙen Mama da Banufe ta ƙarƙashin hannu. Ta karya doya uku. Na ga inda tsakiyar ta tafi. Mutumin nan ko iya cinta bai yi ba, yana wani kakkaɓe yaji.

Zama da tunani ya kai ni ga wata magana. Motata lafiyarta ƙalau har ran da mutumin nan ya tare. Kanikawa sun duba ba su ga komai ba. Mota tana tsayawa a kan gangara kamar an riƙe ta ta baya. To wa ya riƙe ta? Na je wurin wani tsohon malami a unguwarmu na zayyana masa. Bawan Allah bai ce mini an yi ko ba a yi ba, ya dai ce addu'a ba ta ɓata komai, ya yi tofi a ruwa ya zuba mini a gora, ya ce in yayyafa wa ƙafafunta huɗu.

Ran nan na dawo daga Gwada da rana tsaka, da buhunan wani mutum da 'yan mata biyu da ba su sami wuri a motar Banufe ba. Ina sauke su na ɗauko gorar. Tayar gaba ta dama, na yi bisimilla na zuba, shiru. Ta hagu, shiru. Na zaga baya ta dama, ruwan ya gangara abinsa. Ina zuba wa ta baya ta hagu sai na ji cuuu, tururi ya tashi har fuskata. Na yi baya da sauri har hulata ta faɗi, ina a'uziyya. Amma wallahi har da daɗi na ji. Na kama shi.

"Bakatsine, shayi kake dafawa a taya?"

Banufe ne daga bencinsa, da rake a hannu.

Na ce, "Abin da aka binne nake tonowa. Mai shi ya sani."

Ya taso ya tsallako yana taunar rakensa. Ya kai bayan hannunsa kusa da wilin, bai taɓa ba, ya janye. Ya bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya yana yin haka. Ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya ce, "Lallai an ɗaure ta. Kawo jak in nuna maka wanda ya ɗaure."

Na so in ce ya bar mini kayana. Amma na tuna gilashin nan yana hawa, na je na ɗauko jak.

Sai da muka jira ƙarfen ya huce. Ya tuɓe farar rigarsa ya rataya a ƙofata, ya sa dutsena a tayar gaba, ya ce yau dai ya yi amfani. Ya ɗaga bayan ta dama, ya juya tayar da hannu ɗaya, ta yi ta zagayawa. Ya ɗaga ta hagu ya ce in juya. Na kama da hannu biyu, na yi nishi, da ƙyar ta motsa tana gurnani.

Ya ce, "Ka gani? Tun yaushe kake tafiya da birki a kame, kana zagin inji. Yanzu saura mu san ko man birki ne ya riƙe ta ko ƙarfe."

Ya shimfiɗa buhu ya kwanta yana cewa wayyo bayana, ya sa ƙaramar sifana ya sassauta wani ɗan noti a bayan wilin, inda ake fitar da iskar birki. Man ya ɗan ɗiga kawai. Ya ce in sake juyawa. Tana nan daram. Ya ce da tiyo ne ya toshe ya hana mai komawa, da yanzu man ya yi tsartuwa, tayar ta saki. Ya ɗaure notin, ya ƙara shigewa ciki, na ji yana ƙwanƙwasa wani abu. Can ya zare wani ɗan fil, ya ce, "Juya."

Na tura da ƙarfin da na saba, tayar ta kufce ta yi ta gudu, saura kaɗan in kifa.

Ya fito da kansa daga ƙarƙashi, tsatsa a gira, ya ce, "Yaushe rabonka da jan birkin hannu?"

Na ce ni ban san ma motar tana da shi ba.

Ya ce, "Kebur ɗinsa ne. Shekara da shekaru kana ratsa ruwa da taɓo, ba ka taɓa motsa shi ba, ya yi tsatsa a cikin rigarsa. Da an bar shi yana barci, da bai dami kowa ba. Wani ya tashe shi. Ya ja, kebur ya tafi, sandar ta koma, shi bai koma ba."

Na ce wataƙila Mama ce ta rataya jakarta.

Ya dube ni, ya ce, "A Gwada, ran nan, wajen masu manja. Na ji ƙarar. Na ɗauka akuya ka taka, har na leƙa ƙarƙashin motarka."

Ashe dai an ji. Duk kasuwar Gwada, mutum ɗaya ne ya juya, shi ne kuma wanda bai kamata ba.

Washegari muka yi aikin, don ba ranar kasuwa ba ce. Ya cire tayar, ya bubbuga duram, wato kwanon ƙarfen da birki yake ciki, da guduma har ya fito. Cikinsa ya yi shuɗi saboda wuta, layinin birkin kuwa ya ƙone ya yi santsi kamar bayan cokali. Nan kan akuyar Mama yake. Ya aike ni wurin masu kayan gyara na samo layini da sifirin, ya ce in haɗo da na ɗaya gefen, ba a yi wa mota takalmi ƙafa ɗaya. Ya goge duram da samfefa. Kebur ɗin ya zare shi gaba ɗaya, ya rataye shi a bishiyar dalbejiyar ƙofar gidana, ya riƙa ɗura masa kananzir ta sama, ni kuma ina riƙe da ƙasan ina ja yana ja, jan ruwa yana zuba, har ya fara zamewa sumul. Ya bi shi da baƙin mai, ya mayar. Sai ya riƙa ɗaure wani noti yana juya tayar, yana kasa kunne, ya ɗaure har ta fara gogawa, ya sassauta kaɗan har ta yi shiru.

Ya ce, "Daga yau, ko ka riƙa jansa kullum, ko ka bar shi har abada. Ba a yi masa ziyarar Sallah."

Na tambaye shi ladan aikinsa. Ya ce abu ɗaya yake so, in tsaya a bakin titi in ce Banufe ubangidana ne. Na ce to. Na shiga na tayar da mota, na taka totur har ƙasa, na faɗa a cikin ƙarar. Ya ce bai ji ba. Na ce wannan kuma matsalar kunnen Nufawa ce.

Ni kaɗai na tafi gwaji. A bakin gangarar nan na sa firi, na kashe inji. Ta zuba. Ta wuce inda take tsayawa, ta wuce kaɗanyar, ta ƙara da wani ɗan tudu da ko a ƙuruciyarta ba ta taɓa hawa ba. Na fito na kai bayan hannu kusa da kowane wili, ɗumi kawai. Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan Mama.

Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce mota ta warke.

Ta ce, "Mun gode Allah. Wa ya gyara?"

Na ce wani yaro ne nan unguwarmu, na ɗan nuna masa yadda ake yi.

Ta yi dariya har ta ajiye rariya. Ashe Banufe ya riga ni.

Ranar kasuwa na goge kujerar har sau biyu. Matan suka dawo, kusan dukkansu, don Banufe ba ya yarda a ɗora masa doya a kan kujera, ni kuwa ko a cinyata aka ce a ɗora ba na musu. Mama ta iso, ta tsaya tsakanin motocin kamar wancan karon. Ta ce, "Baba, duk doyana kai za ka ɗauka, ba na ba kowa. Amma ni, ƙafana ya saba da sanyin nan. Likita ma ya ce zafi ba ya yi mini kyau."

Ban san likitan da ya faɗi haka ba, ina dai zargin daga Bida yake.

Haka muke har yanzu. Ina riga Banufe isa Gwada wani lokaci, in na matsa. Ina jan birkin hannu kullum, yana yin ƙirrit ɗinsa daidai gwargwado, ba mai juyawa. Dutsen ma ban yar ba, na ɗauke shi daga ƙarƙashi na ɗora shi a kujerar gaba, don matan sun ce ba mai zama a wurin Mama. Ba ya ba da labari, amma ba ya cewa motata tana ƙauri. In Mama ta karya doya, takan aiko mini da kan, in dangwala manja sosai in cinye, ina kallon tsakiyar tana shiga bakin da bai san darajarta ba.

In Banufe ya tsaya ya shiga kasuwa, nakan bi ta gefen motarsa kamar mai neman inuwa, in kai bayan hannuna kusa da wilinsa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya koya mini. Na baya na hagu nake bari ƙarshe. Har kasuwar da ta wuce dai, babu wanda ya yi zafi.